Shirin Tafiya Kwarin Ogun: Tambayar Baba Da Amsar Da Na Samo



Ina miƙa sallama ga dukkan 'yan uwana mazauna Kurmi, na Sabo da Shasha da Ojoo a nan Badun, da na Agege da Idi-Araba a Ikko, da mutanen Shagamu da Abekuta, da duk inda Bahaushe ya sauke kayansa ya kafa rumfa. Da fatan ana lafiya, kasuwa kuma tana ci. Allah ya sa haka, amin.

Yau ina so ne in ba ku labarin wata 'yar tafiya ta ƙarshen mako da muke shiryawa ni da abokaina uku. Har yanzu ba mu yi ta ba, amma shirinta kaɗai ya koya mini abin da ban koya ba a shekara shida da na yi a sakandare, shi ya sa na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba.

Asalin maganar daga teburin mai shayi ta taso, wani dare bayan sallar isha'i. Mu huɗun nan duk a Sabo aka yanke mana cibiya, a nan muka yi makarantar allo da ta boko, Yarabanci kuwa a bakinmu kamar ruwa. Muna cikin hira sai ɗayanmu ya ce, "Wai ku tsaya, ban da hanyar gida, ina kuka taɓa zuwa a jihar nan?" Kowa ya yi tsit. In ka tashe mu daga barci za mu jero maka garuruwan hanyar Arewa ba gargada: Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Mokwa, har Kaduna da Zariya da Kano. Mun san inda direba ke tsayawa a yi sallah, mun san inda ake samun busasshen kifi mai kyau. Amma ka tambaye mu ina ne Iseyin, ina ne Shaki, sai ka ga muna sosa ƙeya, alhali kuwa yawancin doyar da muke ci da alabon da ake tuƙa mana daga can ake kawo su.

Nan take muka yanke shawarar za mu yi karo-karo mu je Oke-Ogun. Ga wanda bai sani ba, Oke-Ogun shi ne yankin arewa maso yammacin jihar Oyo, ƙananan hukumomi 10 ne, kuma ma'anar sunan shi ne saman kogin Ogun. Daga tsaunukan yankin ne kogin ke ɓuɓɓugowa, ya gangara ya ratsa Abekuta, ya wuce ta gefen kasuwar shanu ta Kara inda 'yan uwanmu ke ganinsa kullum, sannan ya faɗa ruwan Ikko. Waɗanda suka je sun ce ƙasar ba kurmi ba ce kamar yadda muke zato: fili ne mai ciyawa da manyan duwatsu da kaɗanya da ɗorawa, har mutum ya ɗauka a Arewa yake.

Washegari da daddare na je na durƙusa gaban Baba na shaida masa. Ya dube ni ya ce, "Yawon me?" Na ce, "Yawon buɗe ido, Baba." Ya ce, "Da can a rufe yake?" Ƙannena suka kwashe da dariya. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai yaro, Bahaushe ba ya tafiya sai da dalili. Ko fatauci, ko neman ilimi, ko zumunci, ko aikin Hajji. Me ka ajiye a can? Ko har ka manta da abin da ya faru a 2021?"

Ban manta ba, kuma na san babu mazaunin Kurmi da ya manta. A watan Janairun 2021 aka ba Fulani makiyaya wa'adin su tashi daga Igangan, cikin yankin Ibarapa mai maƙwabtaka da Oke-Ogun, bayan kashe-kashe da sace-sacen mutane da aka ɗora musu alhakinsu, aka kuma ƙone gidaje. A watan Fabrairu sai ga rikicin kasuwar Shasha a nan Badun, wanda ya faro daga 'yar gardama tsakanin mutum biyu, ya ƙare da asarar rayuka da ƙonewar rumfuna da gidaje a ɓangarorin biyu, har sai da gwamnoni daga Arewa suka zo suka zauna da gwamnan Oyo. Baba kuma yana da nasa tabon na rikicin Shagamu a 1999, tun ban san duniya ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka ban yi masa musu ba. Na ce ya ba ni lokaci in nemo amsar tambayarsa.

Me na ajiye a can? Wannan tambaya ta hana ni sukuni. Na ari littafin Samuel Johnson na tarihin Yarabawa, wanda aka buga a 1921, daga wani tsohon malamin makaranta maƙwabcinmu. Na yi ta bincike a intanet, na kuma riƙa zama wurin dattawa a ƙofar masallaci ina tambaya. Ga kaɗan daga abin da na samo.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne sunan da kansa. A da can, ba duk masu wannan harshe ne ke kiran kansu Yoruba ba. Ba'ijebu Ba'ijebu ne, Ba'egba Ba'egba ne. Mutanen Arewa ne ke kiran mutanen daular Oyo da sunan Yarabawa. Shehun malami Ahmad Baba na Tambutu ya ambaci sunan a rubutunsa tun wajen 1615, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi bayanin ƙasar Yarabawa a cikin Infaƙul Maisuri. Shi kansa tsohon birnin Oyo, wanda masu shi ke kira Oyo-Ile, fatakenmu Katunga suke ce masa, kuma da wannan suna na Hausawa Turawa suka fara saninsa. Baturen nan Clapperton ya isa Katunga a watan Janairun 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, inda ya rasu a 1827, ya kuma ƙiyasta kewayen ganuwar birnin da kimanin mil 15. Wasu na ganin sunan daga kalmarmu ta katanga ya fito. Su ma Yarabawa sun raɗa mana suna, Gambari, wanda masana ke dangantawa da Kambarin Barebari, fataken nan da suka yi suna a harkar goro. Ashe mun daɗe muna raɗa wa juna suna.

Abu na biyu shi ne abin da ya kai kakanninmu can. Ƙarfin daular Oyo a kan doki yake. Da rundunar mahaya ta mallaki ƙasashe har Dahome tana biya mata haraji. To amma doki ba ya daɗewa a ƙasar da ƙudan tsando ya yi yawa, don haka kullum sai an sayo sababbi daga Arewa, ta ƙasar Nufe da ta Borgu. Tare da dawaki ake kawo kanwa da fatu da tufafi, tare da su kuma ake kawo mutane. Nan ne tarihin ya fara ɗaci. Hausawa da yawa da suka zauna a ƙasar Oyo ba da ƙafarsu suka je ba, bayi ne da aka kamo a yaƙi aka sayar. Su ne masu kula da dawakin sarakai, su ne makiyayan shanu, su ne wanzamai, su ne masu tufkar igiya. Wanda bai yi sa'a ba kuwa aka wuce da shi bakin teku. A birnin Salbado na ƙasar Birazil, an gano wani shirin tawaye na bayi Hausawa a 1807, sannan a watan azumin 1835 Musulmi bayi, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban bore a can. Ka ga har a ƙetaren teku sahu ɗaya suka tsaya.

Abu na uku shi ne yadda daular ta rushe, kuma da hannun mutanenmu a ciki. Afonja, wanda ke riƙe da sarautar Are Ona Kakanfo, watau babban sarkin yaƙin Oyo, ya yi wa Alafin tawaye daga Ilori. Ya jawo Shehu Alimi, malami Bafulatani, a jikinsa. Wajen 1817 aka yi shelar duk bawa Musulmi da ya gudo Ilori ya sami 'yanci. Bayi Hausawa suka riƙa tserewa daga gidajen iyayen gijinsu suna shiga rundunar da ake kira Jama'a. Duk wanda ya san zafin bauta ba zai zarge su da neman 'yanci ba. Sai dai wutar da aka kunna ba ta tsaya inda aka so ba. Rundunar ta shiga kai hari ƙauyuka tana kama mutane, shi kansa Afonja a hannunta ya mutu wajen 1824, Ilori kuma ta koma masarauta ƙarƙashin 'ya'yan Alimi.

Ɗaya daga cikin garuruwan da aka ci a wannan zamani shi ne Osogun, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Iseyin a yau. A farkon 1821 aka faɗa wa garin da safe, aka kama wani yaro ɗan shekara 12 ko 13 mai suna Ajayi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa. Shi da kansa daga baya ya bayyana cewa maharan haɗaka ce ta Yarabawan Oyo Musulmi da Fulani da bayi baƙi da suka gudu daga iyayen gijinsu. Ba sai an faɗa mana su wane ne waɗannan bayi baƙi ba. Iseyin aka fara kai shi, aka ma taɓa musayarsa da doki, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Ikko. A 1822 jiragen ruwan Ingila suka tare jirgin da aka loda shi, suka sauke shi a Saliyo. Wannan yaro shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a 1864, ya kuma jagoranci fassara Baibul zuwa Yarabanci. Rubuce-rubucensa na cikin abubuwan da suka sa sunan Yoruba, wanda ya fito daga bakin mutanen Arewa, ya game dukkan ƙabilar. A tafiyar kogin Kwara ta 1841 kuwa abokin tafiyarsa shi ne Schön, Bajamushen da ya wallafa littafin kalmomin Hausa a 1843. Da na karanta wannan na daɗe ina jinjina ikon Allah.

Ita kuwa Katunga, wajen 1835 zuwa 1836 ta zama kufai, bayan Alafin Oluewu da abokan ƙawancensa na Borgu sun sha kashi a hannun Ilori. Alafin Atiba ya kafa sabuwar Oyo a kudu, ita ce wadda muke ratsawa in za mu gida. 'Yan gudun hijirar waɗannan yaƙe-yaƙe da mayaƙan da suka rasa garuruwansu ne suka taru wajen 1829 suka mai da Badun sansanin yaƙi, har ta bunƙasa ta zama birnin da muke ciki. Wato garin da aka haife mu ma, daga tokar wancan rikici ya tashi.

Da Turawa suka zo, sai muka sake bayyana da wata rigar. A 1863 Gwamna Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko, yawancinta Hausawa ne da suka tsere daga bauta, kuma daga ita ake ƙirga asalin sojan Nijeriya. Da irin waɗannan sojoji Kyaftin Bower, mai hasumiyar nan ta Oke-Are, ya zauna a Badun daga 1893, da su kuma ya buɗe wa garin Oyo wuta a watan Nuwamban 1895, kan wata rigima da ta samo asali daga Okeho, cikin Oke-Ogun. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, layin ya kai Kano a 1911, cinikin shanu da goro ya buɗe. Goron nan da kakanninmu ke tafiya Gwanja nemansa ya zama ana nomansa a nan, shi ya sa har gobe Yarabawa ke ce masa gbanja. A 1916 aka keɓe mana unguwar Sabo. A wannan shekarar dai mutanen Iseyin da Okeho suka yi wa mulkin Turawa bore saboda aikin tilas da sababbin kotuna da aka ɗora musu, aka murƙushe su da ƙarfin bindiga.

Jama'a, kun ji abin da na samo. Mun zo ƙasar nan a matsayin fatake, mun zo a matsayin bayi, mun zama 'yan tawaye, mun zama mahara, mun zama sojan Bature, sannan muka zama masu gida da dillalai. A ciki akwai abin alfahari, akwai abin tausayi, akwai kuma abin kunya, kuma bai dace mu tsinci ɗaya mu zubar da sauran ba. Abin da dai ya tabbata shi ne mu ba baƙin jiya ba ne. Harsunanmu ma shaida ne. Bayarabe na cewa alubosa da alafia da wahala da asiri, mu kuma muna cewa ashana da agogo da akwati da akawu, waɗanda daga bakinsu muka karɓa. Mutanen da ba su daɗe tare ba, ba sa ara wa juna kalmomin cikin ɗaki.

Bayan mako uku na koma wurin Baba. Na ce, "Baba, na samo amsa. Tafiyar nan ta neman ilimi ce, kuma ta zumunci ce." Na kwashe duk abin da na faɗa muku na gaya masa. Yana cin goro yana saurare, bai katse ni ba. Da na gama sai ya yi shiru, can ya ce kakanmu, Allah ya jiƙansa, da ƙafa ya riƙa koro shanu ta Ilori da Ogbomosho da Oyo har Badun, kuma bai taɓa kwana a garin da ba shi da mai masauki ba. Ya ce, "Karatunka ya yi kyau. Amma tarihi ba ya tare wa mutum sanda. Mai masauki ke tarewa."

Nan ya tuna mini da yadda Sabo ta ginu. Baƙo ya zo daga Arewa da shanunsa, bai san kowa ba, bai jin harshe. Mai gida ya sauke shi, ya ci da shi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in mahauci ya ɗauki sa bashi. Amana ce jarin, ba takarda ba. Har wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari, aka buga a 1969. Baba ya ce, "Abin da muka yi wa baƙinmu, shi za ku nema a yi muku. In babu mai masauki, babu tafiya."

Sai ya ɗauki waya ya kira wani dattijo Bayarabe mutumin Iseyin, alhaji ne, wanda suka fi shekara ashirin suna ciniki: Baba na ba shi wake da albasa, shi kuma yana turo alabo, sau da yawa ba tare da an biya nan take ba. Ina zaune ina jin muryarsa. Da ya gane abin da ake nufi sai ya yi kabbara. Ya ce da Yarabanci, shekara nawa yana cin tuwo a gidanmu, ba a taɓa samun ko mutum ɗaya daga gidan nan da ya je ya ci amala a nasa ba, har ya fara zaton ko ƙyamarsa ake yi. Wallahi na ga fuskar Baba ta canza. Da ya ajiye wayar bai ce komai ba sai, "Allah ya kiyaye hanya." Wannan ita ce izinin.

To ga yadda muka tsara tafiyar, ko wani zai amfana.

Lokaci: mun zaɓi bayan ɗaukewar ruwa, tsakanin Nuwamba da Disamba, saboda duwatsu ba su da santsi, hanyoyin ƙauye kuma sun bushe. Alhaji ya tabbatar mana ranakun ba su yi karo da bikin Oro ba. Iseyin ta shahara da wannan biki, kuma lokacinsa akwai dokar hana mata fita, baƙo ma sai ya yi hattara. Duk wanda ya san abin da ya haddasa rikicin Shagamu ba zai raina wannan tambaya ba.

Juma'a: da an sauko daga masallaci za mu kama hanyar Moniya, daga nan mu bi titin Moniya zuwa Iseyin, mai tsawon kilomita 65, wanda aka sake ginawa aka buɗe a 2021. Titin ya bi ta Ijaye, garin Kurunmi, wanda Badun ta yaƙa daga 1860 zuwa 1862 har ta rushe shi. Muna son mu yi sallar magariba a gidan mai masaukinmu. Tsarabarsa: kilishi da dabino da turare. Ɗayanmu ya ce a kai goro, muka ce kai wa Bayarabe goro ai kamar kai wa Bakano gyaɗa ne.

Asabar: da sassafe, tare da ɗan alhaji a matsayin ja-gora, za mu Ado-Awaye, kimanin kilomita 20 daga Iseyin. A can akwai dutsen Oke-Ado, wanda a ƙwanƙolinsa akwai wani tafki da ake kira Iyake. Ana hawa matakala fiye da 300, sauran hanyar kuma a kan falalen dutse. A kan wannan dutse mutanen garin suka fake a zamanin hare-haren Dahome. Mutanen wurin suna girmama tafkin, suna kuma da abubuwan da suka yi imani da su game da ruwansa. Mun yi wa juna alkawari: ba za mu yi abin da ya saɓa wa addininmu ba, ba kuma za mu yi wa kowa dariya ko wa'azin da ba a tambaye mu ba. Za mu biya abin da aka ce a biya, mu bi bayan ja-gora, mu duba ikon Allah, mu sauko kafin rana ta take. Da yamma sai Osogun, inda ake nuna wuraren tunawa da Crowther. Ni na nace a saka wannan a cikin tsarin. Ina so in tsaya a wurin da ƙafata, in san cewa a nan aka kama yaro da uwarsa, kuma mai yiwuwa akwai mai jin harshena a cikin waɗanda suka ɗaure shi.

Lahadi: da safe za mu zaga wurin masaƙan Iseyin, waɗanda suka yi suna a saƙar aso-oke. Masaƙarsu 'yar siririya ce irin tamu ta gargajiya, ƙyalle-ƙyalle ake saƙawa sannan a ɗinke. Manyan nau'o'insu na asali uku ne: etu, mai shuɗin baba, ɗan uwan saƙinmu, sanyan, wanda shi ne tsamiya, da alaari, jan siliki, wanda sunansa daga alharini ya fito, zaren da ake ɗaukowa ta hamada ya bi ta Kano kafin ya iso nan. In lokaci da hanya sun ba da dama za mu leƙa madatsar ruwa ta Ikere a kan kogin Ogun, wadda aikinta ya faro tun wajen farkon shekarun 1980, kuma injinan wutar da aka tanada mata suka yi shekaru masu yawa a ajiye. Sharaɗin Baba dai shi ne la'asar ta same mu a kan hanyar dawowa.

Za ku ce ina Katunga? Mun so ƙwarai, amma mun cire ta. Kufan birnin yana can ƙurya cikin gandun dajin Tsohuwar Oyo, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, mai faɗin murabba'in kilomita 2,512. Shiga sai da izini da rakiyar jami'an gandun, ga nisa, ga kuma halin da dazuzzuka ke ciki a shekarun nan. Haka ma Igboho, inda sarakunan Oyo suka yi zaman hijira a ƙarni na 16 bayan Nufawa sun kore su, inda kuma aka binne Alafin huɗu. Kwana biyu ba za su ɗauki wannan ba. Da sannu ƙafa ke kai mutum nesa.

Sauran ƙa'idoji kuwa: kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa, babu tafiyar dare, babu ratse zuwa wurin da ba a tsara ba, babu gardamar siyasa a cikin mota. In 'yan sanda ko 'yan Amotekun suka tsayar da mu, mu gaishe su da harshensu, mu faɗi gidan da za mu. Kuɗin mota ba mu ƙayyade ba, domin tun da aka janye tallafin mai a 2023 sai ranar tafiya ake sanin gaskiyarsa, don haka mun ware wani abu na ko-ta-kwana.

Akwai magana ɗaya da muka daɗe muna ja a kanta. Ɗaya daga cikinmu ya ba da shawarar mu bar huluna da kaftani a gida, mu sa ƙananan kaya, tun da Yarabancinmu ba ya tona mu. Da farko na ga hikima a ciki. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Ɓarawo ke ɓad da kama. Ku je da hularku. In kun ɓoye ko ku su wane ne, to zumuncin wa kuka je yi?" Mun tsaya a kan maganarsa.

'Yan uwa, ban ce tsoron iyayenmu ba shi da tushe ba, kuma ban ce kwana biyu a Iseyin za su goge abin da ya faru a Shasha ko Shagamu ba. Abin da na gani shi ne mun yi shekara fiye da ɗari a Sabo, amma da yawanmu tsakanin rumfa da masallaci da tashar motar Arewa kaɗai muke kai da komowa. Maƙwabcin da bai taɓa ganinka ba sai a bayan sikeli, ranar da aka ce masa kai mugu ne ba shi da abin da zai ƙaryata da shi. Kai ma haka. Don haka ina kira ga matasa irina, na Agege da Shagamu da Anacha da Fatakwal da ko'ina: ku tambayi iyayenku su wane ne abokan cinikinsu na ƙauyukan da ke kewaye da ku, ku nemi tarihin wurin, mai daɗi da marar daɗi, sannan ku je ku gaishe su. Gida yana nan, ba inda za shi, Sallah na zuwa za mu je. Amma ƙasar da aka binne cibiyarmu ita ma tana da hakki a kanmu.

Ku sa mu a addu'a. In Allah ya kai mu ya dawo da mu lafiya, zan kawo muku labarin abin da idona ya gani. Inda na yi kuskure a tarihin nan, masana su gyara mini, ɗalibi ne ni. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Ɗan Sabo, Badun.